Moɗar Aji

Shekarata ta farko ce a koyarwa. Takardar birebe ta ƙaramar sakandare gare ni, sai ɗan horon da aka yi mana a makarantar malamai, aka ba ni kwantaragi, aka turo ni wani ƙauye a bayan Karofane, inda hanya ke kutsawa tsakanin duwatsu har mota ta gaji ta bar wa kabu-kabu. Ajina rumfar kara ce da zana kewaye, tablon rubutu jingine a kan itace biyu. A kusurwa akwai randa, da moɗa guda ta roba da aka ɗaure da igiya a wuyan randar don kada ta ɓace. Kowace safiya ƴan mata biyu ke zuwa rijiya su ciko ta, bi da bi. Duk mai jin ƙishi, ni da su, da moɗar nan yake sha.

Yarinyar da zan ba da labarinta tana layi na biyu. Ba ta fi shekara goma sha biyu ba, siririya, mai wushirya. Ita ce ta fi kowa iya karatu a ajin, ta yi ta gudu da faransanci kamar ana korar ta. Ubanta ya daɗe a Abijan, sai jefi-jefi yake leƙo gida. Ita da uwarta da ƙannenta suna zaune a gidan ƙanen uban, wanda shi ne babba a gidan yanzu.

Abin ya fara ne ƙarami. Tana cikin karatu sai ta tsaya a tsakiyar kalma, ido buɗe, leɓe yana motsi kamar mai tauna wani abu. Kafin in kira ta sau biyu ta dawo, ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta san ta tsaya ba. Yara suka sa wa abin suna.

"Madam, rezonta ya ɗauke kamar salula."

"A'a, ta tahi Abijan gaida babanta."

Har ni na yi dariya ranar farko. Ita ma ta yi, don ba ta san abin da ake wa dariya ba.

Na yi duk abin da na iya. Na ce yunwa ce, na riƙa zuwa mata da ƙuli-ƙuli a cikin jakata. Na ce ko ba ta ji sosai ne, na dawo da ita gaba, daf da tablo. Na ce ko kewar uba ce, na riƙa tsayar da ita bayan an tashi ina jan ta da hira. Ta ce ba abin da ke damun ta. Amma in na yi musu dikte, ina faɗa suna rubutawa, nata sai ya fito da ramuka, kalmomi sun ɓace a tsakiyar layi kamar an yanke da reza. A jarrabawar kompozisho ta zamo daga ta farko zuwa tsakiya. Na ƙara mata aiki, na ƙara zama da ita. A lokacin gani nake duk abin da ya sami ɗalibi a aji, aikin malama ne ta gyara shi.

Sai ranar da ta faɗi. Bazara ce, rana ta take, ta ɗaga hannu ta roƙi shan ruwa. Ta kai bakin randa, ta ɗebo, ta sha. Na ji wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, ba kuka ba, ba kira ba. Ta sandare, ta zube ƙasa, jikinta duka ya kama fizga, kumfa tana fita ta gefen baki.

Ban taɓa ganin aji ya watse haka ba. Ba wanda ya bi ta ƙofa. Zana suka keta, wasu ta ƙarƙashi, wasu ta sama. Kafin in juya ni kaɗai ce da ita.

Ni ma ƙafata ta so bin su. Ina ƙarama a Madaoua na taɓa ganin wani mutum ya faɗi haka a kasuwa. Mutane suka yi da'ira daga nesa, innata ta fizge ni ta rufe mini hanci da mayafinta, ta ce kada yawunsa ya taɓa ni, kada in tsallaka inda ya kwanta. Da ya tashi ya tafi, aka zuba toka a wurin. Da wannan na girma. Amma kuma a makarantar malamai wata ma'aikaciyar likita, wato asibiti, ta taɓa zuwa ta yi mana bayani na yini ɗaya, ta ce cutar ba a ɗaukar ta, a janye abin da zai ji wa mutum ciwo, a kwantar da shi a gefensa, kada a sa masa komai a baki. Muryoyin nan biyu suka tsaya mini a kai, ta innata ta fi ƙarfi.

Na ture benci da ƙafa don kanta na bugun sa. Na cire kallabina na naɗe hannuna da shi, sannan na juya ta. Ban iya taɓa ta da fatar hannuna ba.

Darakta ya shigo a guje. Dattijo ne, ya kusa ritaya, mutumin kirki. Ya dube ta sau ɗaya, ya ɗaga murya yadda yaran da ke leƙe za su ji.

"Iska ce. A kira liman."

Liman ya zo ya yi karatu, aka turara tazargade. Ta farfaɗo a gajiye, ta jiƙe zanenta, tana tambayar me ya faru. Uwarta ta zo ta goye ta kamar jaririya.

Da yamma na sami darakta a gindin bedi. Na ce, "Mushe, wannan ba iska ba ce. Ina jin farfaɗ..."

Ya ɗaga hannu. "Madam, ke an turo ki koyar da faransanci ko buɗe likita?" Ya yi murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Kina tsammanin ban san mi na gani ba? Zamana garin ga ya girme ki. Iska, rabin matan garin ga sun yi ta. Ana karatu, ana turare, a ce ta tahi, yarinya ta koma cikin ƴan'uwanta. Waccan kalmar in ta hau kan mutum, ba mai cin tuwo da shi, ba mai neman aure gidansu. Na ce iska don in rufa mata asiri. Ke ma rufa."

Na ga gaskiyarsa. Washegari yara suka dawo, suka zauna kusa da ita, suka sha da moɗa. Mai iska ba a gudun ta, tausayin ta ake.

Amma ni rijiya ta hana ni sukuni. Rijiyar garin irin ta Adar ce, in ka leƙa ruwan kamar ƙwayar ido can ƙasa, bakinta kuma ba katanga, sai itatuwa da igiya ta cinye. Sai ranar ɗibarta ta zo. Na tsaya a bakin aji ina kallon ta ta ɗauki bokiti. Na kira ta na ce ta share tablo, wata ta tafi a madadinta. Sannan ne na gane abin ya fi ƙarfina. Ƙuli-ƙuli da zaman gaba ba su da abin da za su yi wa wannan, kuma ba kullum nake tsaye a kanta ba.

Na je gidansu lokacin da na san ƙanen uban yana kasuwa. Uwar tana tankaɗe. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, na tambayi mai jiki.

"Da sauƙi, Madam. Malam ya ba da rubutu."

"Yaya, ta taɓa yin haka a gida?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Sau biyu. Cikin ɗaki. Ba wanda ya gani sai ni."

"Akwai magani a likita."

"Kada ki hwaɗi sunan abin ga cikin gidan ga."

"Ba zan faɗa ba. Amma wa ke hura wuta in kin tahi daji? Wa ke zuwa rijiya?"

Ta ajiye rariya. Ta dubi murhu. Ta ce, "Ke ba ki haihu ba, amma kin iya tsorata mai ɗiya." Sai ta ce ranar kasuwa za ta kai jaririnta awo, ba wanda zai tambayi dalilin da ya sa babbar ta raka ta. In ina so in same su can.

Haka aka yi. Majo, wato babban ma'aikacin likitar, ya rufe ƙofa kafin ya fara tambaya. Ya sa na kwatanta masa ɗaukewar da faɗuwar, ya tambayi uwar ko yarinyar ta taɓa zazzaɓi mai tsanani tana ƙarama. Ya faɗi sunan cutar a hankali, sau ɗaya. Ya ce ba a ɗaukar ta a yawu, ko a kwano, ko a numfashi. Ya ba da ƙwayoyi ƙanana farare, kullum guda. Ya ce a raba ta da wuta da rijiya da hawan itace. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada a daina maganin kwatsam, in an daina faɗuwar tana dawowa fiye da da.

Ya dube ni ya ce, "Tun tana ɗaukewar nan ya kamata a kawo ta. Amma kun kawo, shi ne babba."

Mun fito, uwar tana ƙulle ƙwayoyin a bakin zanenta, sai ga wata maƙwabciyarsu a layin awo. Ta dubi yarinyar, ta dubi ƙullin, ta dube ni.

"Madam ma awo ta zo? Ba mu ji ɗaurin aure ba."

Muka yi dariya. Amma idonta yana kan ƙullin. Akwai wani mutum a ƙauyen gaba da ke karɓar irin ƙwayoyin nan, kowa ya san su, kowa ya san na mene ne. Labari ya riga mu isa gida.

Maganin ya yi aiki. Ɗaukewar ta ragu har na daina ganin ta, sai ɗan barci da take ji da safe. Diktenta ya dawo cikakke. Sai dai bencinta ya zama nata ita kaɗai, yara huɗu suka matse a na baya. Randa kuma ta daina raguwa. Ana zafin da ƙarfe ke ƙona hannu, yara suna zaune leɓe a bushe, ba mai tashi. Iyayensu sun gargaɗe su.

Na yi musu bayani da faransanci, na sake da Hausa. Suka ce "Wi Madam" baki ɗaya, ba wanda ya motsa. Sai na kira ta, na ce ta sha ruwa. Ta sha kanta a sunkuye. Na karɓi moɗar daga hannunta, ban ɗauraye ba, ban juya bakin ba, na ɗebo na sha a inda ta sa bakinta.

Ban san yadda ruwan ya wuce ba. Da ƙarfi na tura shi. Na ce, "Kun gani?" na koma tablo. Na san abin da majo ya ce, na yarda da shi. Duk da haka makonni bayan nan, in kaina ya sara ko idona ya yi duhu don na miƙe da sauri, sai in ce shi ke nan, ta kama ni. Na daina zama kusa da murhu a gidan da nake haya. Ban gaya wa kowa ba.

Yara uku ko huɗu suka sha bayana ranar nan. Washegari uwar ɗaya daga cikinsu ta zo har bakin aji ta ja ɗiyarta gida.

Ƙanen uban ya zo ana rekireyasho, yara suna wasa a waje. Dogo ne, manomi, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Darakta ya ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Madam, wa ya aike ki?"

"Baba, tsoro na ji kada ta faɗa rijiya."

"Gidan ga yana da mai shi. Kin zo kin same ni?"

Bai jira ni ba, ya ci gaba.

"Kahin ki kai ta, ɗiyar wana iska gare ta. Yanzu cuta gare ta. Ɗiyana mata kwano ɗaya suke ci da ita tun suna rarrafe. Jiya matata ta kai hura gidan suna, anka maido mata ƙwaryarta ba a taɓa ba. Ke in an sauya miki gari kin tahi. Mu nan za a binne mu."

Na ce maganin yana aiki, ya tambayi uwarta.

"Duk ƙwayar da ta haɗiye, shaida ce ta ba mutane. Na zuba su masai. Lakwal kuma ta gama, ba ta sake zuwa ajinki."

Na ce, "Baba, majo ya ce in an daina kwatsam..."

"Majo ba shi da ɗiya a gidana."

Ya yi wa darakta sallama ya tafi. Darakta bai ce mini "na gaya miki" ba. Cewa ya yi in koma aji, yara suna jira.

Na kira majo ta salula. Ya ce ba zai iya tilasta kowa ba, amma in sun fito rigakafi zai biyo ta garin ya zauna da mutumin. Na je gidan sau biyu. Na farko aka ce ba kowa. Na biyu uwar ta fito zaure, ta ce mini cikin raɗa an ware wa yarinyar kwanonta da moɗarta, an kuma yi mata ɗan murhu a bayan rumbu, ita ke dafa nata, don matan gidan sun ce ba su son hannunta a tukunya.

Na ce, "Murhu, Yaya?"

Ta ce, "Ina sa ido." Sai aka kira ta daga ciki.

Majo bai riga ya zo ba abin ya faru. Da la'asar ne, ina gyaran kaye, littattafan rubutun yara, a ƙofar ɗakina, na ji mata suna gudu. Abin da aka gaya mini daga baya shi ne tana dama kunu a murhunta ta faɗi, hannunta na dama cikin wuta, tukunyar ta kife mata a kafaɗa da wuya. Akwai mata biyu a tsakar gidan. Sun gani. Suka tsaya suna salati suna kiran uwar, ba wadda ta matsa, don kumfa na fita a bakinta. Uwar tana wanki a waje. Sai da ta zagayo ta shigo sannan aka janye yarinyar daga wuta.

Na iso ana ɗora ta a amalanken jaki. Ba zan kwatanta hannun ba. Warin ne bai bar ni ba har yau. In maƙwabta suna babbaka kan rago sai in shiga ɗaki in rufe ƙofa. Ƙanen uban ne ya ja jakin da kansa, yana gudu a gefensa ba takalmi. Daga likita aka wuce da ita babbar likitar Bouza.

Ranar da ba lakwal na hau kabu-kabu na je. Na same shi zaune a ƙasa a bakin ƙofar ɗakin, ya haɗa kai da gwiwa. Na gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba. Na wuce, sai na ji ya ce, "Madam." Na tsaya. Bai ƙara komai ba, na shiga.

An naɗe ta daga yatsu har wuya. Fuskarta ta tsira, sai gefen kunne. Ta gan ni ta yi ƙoƙarin tashi zaune kamar yadda suke yi in na shigo aji.

"Madam, an yi kompozisho?"

"Ba a yi ba tukuna."

"Ana iya rubutu da hagu?"

Na ce ana iyawa, zan koya mata.

Uwar ta jawo wata igiya daga cikin rigarta. Ƴar jakar fata ce irin ta laya, ta farke ɗinkin ta cire abin da ke ciki ta zuba sababbin ƙwayoyin da aka ba su a nan. Ta ce, "Nan suke kwana yanzu. Mai son zubar da su sai shi yanke wuyana." Ta ba yarinyar guda, ta ɗebo ruwa a kofi ta ba ta. Ragowar ruwan ta miƙo mini, don na sha hanya. Ba gwada ni take ba, ruwa kawai ta ba baƙuwa. Na sha. Na mayar mata da kofin.

Da aka sallame su ba su koma garin ba. Uwar ta tafi da ita wurin danginta wajen Tabotaki. Na ji yatsu uku sun manne, ba sa buɗewa. Na ji tana shan magani, ba ta sake faɗuwa ba. Lakwal ɗin can tana da nisa, ba a sa ta ba. Na aika mata allo da alli ta hannun wani mai kabu-kabu, ban sani ba ko sun isa.

Na sha juya abin a raina. Kai ta likita ba na nadamarsa, da ma tun ranar da ta fara tsayawa a tsakiyar kalma na kai ta. Abin da nake cewa shi ne da na fara zuwa wurin ƙanen uban, ni da majo da liman, a zauna a zaure. Watakila ya ƙi. Watakila kuma da murhun bayan rumbu bai samu ba. Ba ni da hanyar sani.

Ina garin har yanzu, kwantaragina bai ƙare ba. Iyaye sun sayo sabuwar moɗa, darakta ya ce a jefar da tsohuwar, na kai ta ɗakina. Bencinta ya daɗe ba mai zama, sai da aka kawo sababbin yara da ba su san labarin ba. Makon jiya wata yarinya tana karatu ta tsaya a tsakiyar layi. Alli ya faɗi daga hannuna. Ashe kalmar ce ta yi mata wuya. Na faɗa mata ita, ta ci gaba, ni kuma na zauna a kan benci har ta kai ƙarshen shafi.